Wutar Sola A Gidajen Abuja: Lissafin Da Ya Kamata Magidanci Ya Yi Kafin Ya Biya

ABUJA — Tun daga tsakiyar shekarar 2023 farantan samar da lantarki daga hasken rana, waɗanda jama'a suka fi sani da sunan sola, suka soma yawaita a kan rufin gidajen Babban Birnin Tarayya, daga Gwarimpa da Kubwa har zuwa Lugbe, Karu da Gwagwalada. Magidantan da ba su kafa ba tukuna kuwa suna fama da tambayoyi biyu, watau ko kayan za su mayar da kuɗin da aka zuba musu, sa'an nan idan za su mayar, ta wace hanya ya fi dacewa a biya. Amsar duka biyun ta rataya ne a kan abu guda: me sola za ta maye gurbinsa a gidan? Idan janareta ne, lissafin yakan fita da riba cikin 'yan shekaru. Idan kuwa wutar mita ce kawai, to akwai buƙatar a yi taka-tsantsan, musamman ga wanda zai ci bashi.

Abin Da Ya Jawo Hankalin Jama'a

Matakai uku na tattalin arziki suka canza farashin wuta a gidajen Abuja. Na farko shi ne janye tallafin man fetur da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana ranar 29 ga Mayu, 2023, abin da ya ɗaga lita daga ƙasa da N200 zuwa N537 a gidajen man NNPC na Abuja cikin 'yan kwanaki, daga bisani kuma ta haura N1,000 a watan Oktoba na 2024. Na biyu shi ne sakin darajar Naira ga kasuwa da Babban Bankin Nijeriya ya yi a watan Yuni na 2023, inda Dalar Amurka ta tashi daga wajen N460 zuwa kimanin N1,500 a farkon 2024. Na uku kuma shi ne ƙarin kuɗin wuta da Hukumar Kula da Harkokin Lantarki ta Ƙasa, watau NERC, ta yi a farkon watan Afrilu na 2024 ga masu amfani da wuta na rukunin A, daga ƙasa da N70 zuwa N225 a kan kowane yunit. An rage shi zuwa N206.80 a watan Mayu, aka kuma mayar da shi N209.50 a watan Yuli na wannan shekarar.

Bisa tsarin NERC, an kasa masu amfani da wuta gida biyar dangane da sa'o'in da ya wajaba a ba su a kowace rana: rukunin A aƙalla sa'a 20, rukunin B sa'a 16, rukunin C sa'a 12, rukunin D sa'a 8, rukunin E kuma sa'a 4. Rukunin da gida yake ciki ya danganta ne da layin da ke kawo wa unguwar wuta daga Kamfanin Rarraba Lantarki na Abuja, watau AEDC, wanda tun bayan sayar da kamfanonin lantarki a watan Nuwamba na 2013 yake riƙe da Babban Birnin Tarayya da jihohin Neja, Kogi da Nasarawa. Saboda haka gidaje biyu da ke kusa da juna suna iya kasancewa a rukuni daban-daban, kuma lissafinsu na sola ba zai zo ɗaya ba.

A ɗaya ɓangaren kuma farantan sun yi araha a kasuwar duniya. Farashinsu ya faɗi da kimanin kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, galibi saboda yawan masana'antun ƙasar Sin, wadda ke riƙe da fiye da kashi 80 cikin 100 na aikin ƙera su. A cikin watanni 12 da suka ƙare a Yunin 2025, Nijeriya ta shigo da farantai masu ƙarfin megawat 1,700 da 'yan kai daga Sin, ta zama ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. Ita kanta Gwamnatin Tarayya ta ware Naira miliyan dubu 10 a kasafin kuɗin 2025 domin kafa sola a Fadar Shugaban Ƙasa, kuma hukumar NASENI tana da masana'antar harhaɗa farantai a Karshi.

Abin Da Ake Saye

Abin da ake kira sola a gida kaya ne iri uku, kuma kowanne yana da nasa tsawon kwana. Akwai farantai, waɗanda ke mayar da hasken rana wutar lantarki, kuma masu ƙera na ƙwarai sukan ba da garantin shekara 25, bisa sharaɗin cewa ƙarfinsu zai riƙa raguwa kaɗan-kaɗan zuwa wajen kashi 80 cikin 100. Akwai inbata, wadda ke juya wutar farantai da ta batir zuwa irin wadda kayan gida ke aiki da ita, kuma takan buƙaci gyara ko canji tsakanin shekara 5 zuwa 10. Sa'an nan akwai batir, inda ake tara wutar da za a yi amfani da ita da dare, kuma shi ne yakan cinye kaso mafi girma na kuɗin, shi ne kuma yakan riga sauran mutuwa.

Batir iri biyu ne a kasuwa. Mai ruwa, watau na darma, ya fi araha wajen saye, amma ba a son a zuƙe fiye da rabin wutar da ke cikinsa, kuma a zafi irin na Abuja yakan ƙare cikin shekara 2 zuwa 4. Batir mai lamba 200 na bolt 12 yana ɗaukar yunit 2.4 a takarda, amma abin da za a amfana da shi ba tare da an cuce shi ba bai wuce yunit 1.2 ba. Na litiyam ya fi tsada, sai dai ana iya amfani da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na wutarsa, kuma mai kyau yakan jure caji da saukewa sau dubbai, abin da ke iya kai shi shekara 8 zuwa 10. Wanda ya zaɓi mai ruwa don rage kuɗin farko, ya kamata ya sa kuɗin canza shi sau biyu ko uku cikin shekara goma a lissafinsa tun daga ranar farko.

Wannan shi ne babban bambancin da ke tsakanin Abuja da ƙasashen da sola ta fara bunƙasa a gidaje. A Jamus, dokar shekarar 2000 ta wajabta a sayi rarar wutar da magidanci ya samar a kan tsayayyen farashi, kuma tunda wutar gwamnati ba ta cika yankewa ba, gidaje da yawa sun kafa farantai ba tare da batir ba. A Amurka an yi shekaru ana yafe wa magidanci harajin da ya kai kashi 30 cikin 100 na kuɗin kayan, kafin a kawo ƙarshen rangwamen a watan Disamba na 2025. Magidancin Abuja kuwa yana sayen sola ne domin sa'o'in da babu wuta, saboda haka batir ya zama dole. Kazalika bai kamata ya sa kuɗin sayar wa AEDC rarar wuta a lissafinsa ba, sai in yana riƙe da yarjejeniya a rubuce da kuma mitar da ke ƙidaya wutar da ta fita.

Dangane da hasken rana, Abuja ba ta da matsala. Farantai masu ƙarfin kilowat ɗaya sukan ba da kimanin yunit 4 a rana idan an ɗauki matsakaicin shekara, bayan an cire abin da ke salwanta a waya da inbata. Amma wutar takan ragu ƙwarai a watannin Yuli da Agusta lokacin marka, kuma ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu takan rufe fuskar farantai har sai an wanke su. Don haka ake auna girman kaya da watan da ya fi ƙarancin rana, a kuma kafa farantai suna fuskantar kudu da ɗan karkata, inda inuwar tankin ruwa ko ta bishiya ba za ta faɗa musu ba.

Lissafin Gida Uku

Domin a fahimci yadda lissafin yake, bari a ƙaddara kaya masu ba da yunit 10 na amfani a kowace rana, a kuma ƙaddara cewa kuɗinsu har da na kafawa N4,500,000 ne. Wannan adadi misali ne kawai, kuma kowane magidanci sai ya sa farashin da aka ba shi a ranar da zai saya, tare da farashin man fetur na ranar.

Gida na farko yana unguwar da wuta ba ta zama, yana kunna ƙaramin janareta sa'a 5 a kullum. Irin wannan inji yakan sha kimanin lita ɗaya a sa'a, kuma kowace lita takan ba da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan an ƙaddara lita a kan N1,000, kowane yunit na janareta yana tsayawa a kan N500 zuwa kusan N700, watau fiye da ninki biyu na farashin rukunin A. Gidan yana kashe N5,000 a rana, N150,000 a wata, ban da baƙin mai da kuɗin makanike. Idan sola ta ɗauke wannan nauyi, kayan za su mayar da kuɗinsu cikin wata 30, watau shekara biyu da rabi.

Gida na biyu yana rukunin A, yana samun wutarsa kamar yadda aka alkawarta, kuma da wuya ya kunna janareta. Abin da sola za ta rage masa shi ne yunit 10 a kan N209.50, watau N2,095 a rana, ko N62,850 a wata. A nan kayan za su ɗauki kimanin shekara 6 kafin su mayar da kuɗinsu. Da batirin litiyam akwai sauran riba, amma da batir mai ruwa za a canza shi aƙalla sau ɗaya kafin a kai wannan lokaci, abin da zai ƙara nisan tafiyar.

Gida na uku yana ɗaya daga cikin ƙananan rukunai, ba shi da janareta, idan an ɗauke wuta sai a yi haƙuri da fitila mai caji. Idan an ƙaddara yana biyan N65 a kan yunit, abin da sola za ta rage masa bai wuce N19,500 a wata ba, kuma zai yi kusan shekara 19 kafin kayan su biya kansu, alhali batir ya daɗe da mutuwa. Ga irin wannan gida, manyan kaya ba hanyar tattalin kuɗi ba ce. Abin da zai saya shi ne jin daɗi, watau fanka a daren bazara, hasken karatun yara da firijin da abinci ba ya lalacewa a ciki. Wannan buƙata ce ta gaskiya, amma ƙananan kaya sun isa su biya ta, kuma bai dace a ci bashi mai nauyi dominta da zaton za ta biya kanta ba.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin Naira. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar guba marar wari wadda ta sha hallaka iyalai a cikin barci, ajiye fetur a gida kuma yana jawo gobara. Mai sana'a a cikin gida, kamar tela ko mai sayar da ƙanƙara da kayan sanyi, yana da dalilin ƙara cinikin da yake asara a lokacin rashin wuta a kan lissafinsa.

Hanyoyin Biya

Hanya ta farko ita ce biya lakadan. Ita ce mafi araha, kuma tana ba mai saye damar ciniki. Amma ko kuɗin hannu yana da farashinsa, domin a shekarar 2024 takardun lamunin gwamnati na shekara ɗaya sun ba da fiye da kashi 20 cikin 100, kuma ɗan kasuwa yana iya juya jarinsa ya sami fiye da haka. Gida na farko a misalinmu yana samun N1,800,000 a shekara a kan N4,500,000, watau kashi 40 cikin 100, don haka sola ta fi masa ajiya. Gida na biyu kuwa yana samun kimanin kashi 17 cikin 100 ne kawai. Bugu da ƙari, bai kamata a kwashe kuɗin haya, na makaranta ko na asibiti a zuba a kan rufi ba, domin kayan sola da aka riga aka kafa ba sa komawa kuɗi da sauri, kuma na hannu ba su da daraja a kasuwa.

Hanya ta biyu ita ce rancen banki. Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.75 cikin 100 a watan Yuli na 2023 zuwa kashi 27.5 a watan Nuwamba na 2024, kafin ya rage shi zuwa kashi 27 a watan Satumba na 2025, kuma bankunan kasuwanci sukan ɗora nasu a kai idan za su ba mutum ɗaya bashi. Idan an ranci N4,500,000 a kan kashi 30 cikin 100 na tsawon wata 24, ana lissafin ruwa a kan abin da ya rage, za a riƙa biyan kimanin N251,600 a wata, jimla kusan N6,040,000. Da wannan, gida na farko zai mayar da kuɗinsa cikin wata 40, gida na biyu kuwa sai ya yi shekara 8. Har ila yau, ko gida na farko sai ya nemo N100,000 a kowane wata daga albashinsa ya cika a kan kuɗin man da ya daina saye, har tsawon shekara biyu.

A nan akwai wani tarko da ya kamata a sani. Wasu masu ba da rance suna lissafin ruwa a kan ainihin kuɗin da aka karɓa tun farko har zuwa ƙarshen biya, ba a kan abin da ya rage ba. Da wannan tsari, kashi 30 ɗin nan a kan N4,500,000 na shekara biyu zai zama N2,700,000, jimla N7,200,000, watau ƙarin fiye da Naira miliyan ɗaya alhali lambar da aka faɗa ɗaya ce. Wasu kuma sukan faɗi ruwan wata, kamar kashi 4 cikin 100, wanda a shekara ya kai kashi 48. Tambayar da ke warware wannan duka ita ce a nemi a rubuta jimlar abin da za a biya daga farko har ƙarshe, haɗe da kuɗin takarda, inshora da tarar jinkiri.

Hanya ta uku ita ce bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, kamar Jaiz wanda ya fara aiki a 2012 da TAJ wanda ya fara a 2019, dukansu masu hedkwata a Abuja. A tsarin murabaha, banki ne ke sayen kayan ya sayar wa mai buƙata da ribar da aka sani aka kuma amince da ita, a biya kashi-kashi, kuma farashin ba ya canzawa bayan an ƙulla ciniki. Wannan yana kawar da damuwar masu guje wa riba, yana kuma ba da tabbacin abin da za a biya. Duk da haka ribar bankin kuɗi ce da za ta fita daga aljihu, saboda haka ita ma sai a gwada jimlarta da farashin lakadan.

Hanya ta huɗu ita ce biya kaɗan-kaɗan ga kamfanin da ya kafa kayan, tsarin da kamfanoni irin su Lumos da Sun King suka yaɗa a ƙasar nan. Ana ba da kafin alƙalami, sa'an nan a riƙa biya ta wayar hannu a mako ko a wata, kuma na'urar takan kulle kanta idan biya ya tsaya. Tsarin ya fi dacewa da ƙananan kaya na fitilu, fanka da talabijin, da kuma mai ƙaramin albashi, ganin cewa mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka amince da shi a watan Yuli na 2024 N70,000 ne. Abin dubawa shi ne ko kayan za su zama mallakar mai biya a ƙarshe ko haya ce kawai, da kuma wanda zai ɗauki nauyin gyara.

Hanya ta biyar, wadda ma'aikatan gwamnati a Abuja suka daɗe da sani, ita ce ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikatu da kuma adashi. Rancen ƙungiya yakan fi na banki sauƙi nesa ba kusa ba, ana cire shi daga albashi, kuma idan mutane da yawa suka haɗu suka saya tare sukan sami ragi. A ɓangaren gwamnati, an kafa hukumar ba da lamunin sayen kaya ta CREDICORP a 2024, wadda ta ɓullo da asusun CALM domin sola da mayar da motoci masu amfani da iskar gas, kuma tana aiki ne ta hannun bankuna da sauran masu ba da rance. Shirin DARES na Dala miliyan 750, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disamba na 2023 kuma Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ke gudanarwa, tallafinsa yana bi ne ta hannun kamfanonin da ke kafa kaya, ba a miƙa wa magidanci kuɗi a hannu.

Rage Nauyi Kafin Saye

Hanya mafi sauƙi ta rage kuɗin sola ita ce rage wutar da za a nema daga gare ta. Dutsen guga yana jan wat 1,000 ko fiye, na'urar sanyaya ɗaki ƙarama tana jan kusan haka har tsawon dare, alhali ƙwan fitila na zamani bai wuce wat 10 ba, fanka kuma ba ta kai wat 100 ba. Gidan da ya raba layinsa biyu, ya ɗora fitilu, fankoki, firiji da talabijin a kan sola, ya bar hita da na'urar sanyaya ɗaki a kan wutar AEDC, zai iya rage girman batir ƙwarai. Guga da jan ruwa zuwa tanki kuwa a yi su da tsakar rana, lokacin da wuta ke zuwa kai tsaye daga farantai.

Ana kuma iya saye mataki-mataki, a fara da inbata mai karɓar ƙari da batir ɗaya na litiyam da 'yan farantai, a riƙa ƙarawa yadda hali ya samu. Sau da yawa wannan ya fi cin bashin manyan kaya a lokaci guda. Ga 'yan haya, waɗanda suke da yawa a Abuja, wajibi ne a sami izinin mai gida a rubuce kafin a huda kwano, tare da bayanin cewa kayan na ɗan haya ne kuma zai tafi da su. Wanda bai da tabbacin zama a gida fiye da shekara biyu ko uku, ƙananan kaya masu sauƙin ɗauka sun fi masa.

Kafin A Sa Hannu

Kasuwar ta cika da farantan da ƙarfinsu bai kai abin da aka rubuta a jikinsu ba, da tsofaffin baturan da aka sabunta wa fenti. Mai saye ya nemi takardar farashi da ta bayyana sunan kowane kaya, ƙarfinsa da lambarsa, da garanti a rubuce mai nuna wanda za a nema a Abuja idan abu ya lalace. Ya tabbatar mai haɗa wayar yana da shaidar Hukumar NEMSA, wadda ke tantance masu aikin lantarki, ya kuma nemi ganin wani gida da ya yi wa aiki shekara ɗaya ko biyu da suka wuce. Kada a yi tsimin kuɗin waya mai kauri, na'urar kariya daga tsawa da sandar da ake binnewa a ƙasa, domin damina a Abuja tana zuwa da aradu, kuma siririyar waya tana haddasa gobara. Ya kuma fi kyau a riƙe wani kaso na kuɗin aiki har sai kayan sun yi 'yan kwanaki suna aiki yadda aka yi alkawari.

Kafin duk wannan, matakin farko ba ya cin ko kwabo. Magidanci ya sami littafi ya rubuta, har tsawon wata ɗaya ko biyu, sa'o'in da aka ɗauke wuta, litar man da ya saya da yunit ɗin da mitarsa ta ci. Idan ya raba jimlar kuɗin da zai biya, har da ruwa ko ribar banki, da abin da zai daina kashewa a wata, zai sami adadin watannin da kayan za su ɗauka kafin su biya kansu. Idan adadin ya gaza rabin kwanan batirin da aka ba shi garanti a kai, cinikin yana da kyau. Idan ya kusanci ƙarshen kwanan batirin ko ya wuce, sai ya rage girman kayan, ya nemi hanyar biya mai sauƙi, ko ya dakata har ya tara kuɗinsa.